Baƙin da Ya Ƙi Fita

Ina zaune a bakin bahon wanka a flat ɗinmu na Levenshulme, na ɗora ƙafar dama a kan gwiwa ina goge kaushi da dutse, sai hannuna ya tsaya da kansa. Lallen da na ƙunsa da babbar sallah ya riga ya koɗe, tafin ƙafar ya koma ja-ja kamar ruwan goro, amma can wajen diddige akwai wuri guda da bai koɗe ba. Bai fi ƙwayar wake ba, baƙi ƙirin, gefensa ba a daidaice ba, kamar an ɗiga tawada a kan tsumma. Na ƙara gogawa. Na sa sabulu na dirje har wurin ya yi zafi. Yana nan. Ke kuma, Ummi, kina cikin ruwa kina wasa da robar shamfu, shekararki huɗu, kika leƙo kika ce da Turancinku na 'yan Manchester wai ƙafar Mummy ta yi datti. Na yi miki dariya. Amma na ci gaba da kallon wurin.

Mutane sukan bari sai furfura ta fito kafin su rubuta wa 'ya'yansu tarihi. Ni ban kai talatin ba, karatuna kuma bai wuce sakandare ba, amma shekarar nan ta koya mini kada in ajiye magana sai gobe. Har yanzu in waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai na yi bismillah kafin in ɗaga. Sannan ina jin yadda ake juya labarin a gidajen suna. Wasu su ce Gwaggonki Hadiza ta wulaƙanta ni ina kwance, wasu su ce Inna, mahaifiyata, ita ta ja mini ciwo. Duk ba haka ba ne. Ga yadda aka yi.

Tun da aka ɗaura mini aure ƙafata ba ta taɓa zama babu lalle ba. Haka na ga Inna tana yi a Kano, haka na ci gaba a ƙasar da ƙafa ke kwana a safa ta wuni a cikin takalmin but, babu mai gani sai ni da Abbanki. Kafin wani ya koɗe na ɗora wani. Wannan karon ne kawai kasalar sanyi ta sa na bar shi ya fita, Allah kaɗai ya san tun yaushe abin yake kwance a ƙarƙashi. Lokacin kuwa komai na ƙasar a matse yake. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin wasan yara da nake kai ki, ganin GP, likitan unguwa, sai ka yi ta buga waya da sassafe kana jin kiɗan jira. Abbanki yana uni yana karatun digirinsa na uku, daga can ya wuce wurin aiki. Da na samu aka gan ni, likitar ta ɗora wani ɗan gilashi mai fitila a kan wurin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni tun yaushe yake nan. Na ce ban sani ba, lalle ne ya rufe shi.

Ciwon daji ne na fata. Na ce da likitan babban asibiti ai na ji ciwon Turawa ne masu kwanciya a rana. Ya ce mu baƙaƙe ba kasafai yake kama mu ba, amma in ya zo, tafin ƙafa da ƙarƙashin farce yake zaɓa, inda ba a dubawa. Suka yanke wurin, suka ɗebo fata daga cinyata suka liƙa. Suka ciro kaluluwar matsematsina ta dama, suka tarar ciwon ya riga ya isa guda a ciki. Ma'ana ya fara tafiya. Sun kwashe abin da ido ke gani, amma babu mai iya rantsewa cewa ba a bar ɓurɓushi ba.

A nan ne likitan ya kawo maganar gwaji. Akwai sabon magani da suke bincike a kansa, ba irin mai zubar da gashi ba. Shi ba ya kashe ciwon da kansa, garkuwar jikin mutum yake tasowa, kamar a tashi masu gadi daga barci su je su kama ɓarawo. Sharaɗin shiga kuwa, duk naman da aka yanka a jikina, da wanda za a yanka nan gaba, za a aika da shi wani ɗakin bincike a Birmingham, su yayyanka shi siriri su duba a madubinsu, su kuma ajiye sauran.

Birmingham ɗin ne garin Gwaggonki Hadiza, yayar Abbanki, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Akanta ce, mace mai magana ɗaya. Ranar Asabar ta tuƙo mota ta zo har Manchester da kular dambu, ta zauna a kujerar falo ba ta ko cire mayafi ba.

"Nafisa, ɓeran gwaji za su mai da ke. Maganin da su kansu ba su san ƙarshensa ba?"

"Yaya, in ban sha ba, zama kawai zan yi ina jira."

"To ki jira Allah mana! Sannan naman jikinki a kwalba, a kan kanta, a hannun mutanen da ba su san alwala ba? Ranar da aka zo haɗa ki, a ce wani yankin yana Birmingham?"

Abbanki ya ce, "Yaya, na tambayi malam a masallaci, ya ce in don neman magani ne…"

"Kai rufe mini baki, Sani. Kana ƙarami lokacin ciwon Hajiyarmu. Ni na ga yadda aka yi ta yankar ta, yau nan gobe can, har ta tafi ba ta san inda take ba. Ni na wanke ta."

A ranar na gane ba ƙiyayya ke magana a bakinta ba, tsoro ne irin nawa, sai dai nata ya girmi nawa da shekaru. Amma kina zaune a ƙasa kina jera takalmanmu kamar jirgin ƙasa, na dube ki, na ce zan shiga. Gwaggo ta miƙe ta ɗauki jakarta. Kular dambun ma a nan ta bar ta. Daga ranar ta daina kira na, in Abbanki ya kira ta ta tambayi lafiyarki kawai. Na yi rashinta ƙwarai, don a ƙasar nan ita ce uwata.

Aka fara ɗaura mini ruwan maganin lokaci-lokaci. Akwai wata nas, Jackie, mai kula da mu 'yan gwaji, ita ke neman jijiyata tana ce mini "love". Gajiya ce babba, sai ƙaiƙayi. Kin san 'yan tsagar nan da ke ƙasan haƙarƙarina na hagu, waɗanda kike bi da yatsa kina cewa tsani? Tsagar saifa ce, wanzami ya yi mini ina ƙarama sosai, ban ma tuna ba. Da can sai an ƙura ido ake ganin su. Da maganin ya shiga jikina sai suka ɗan taso suna ƙaiƙayi. Ban ɗauke shi komai ba tunda ko'ina ma ƙaiƙayi yake yi. Na ce wa Jackie jikina na ƙaiƙayi, ta ba ni man shafawa. Tun farko sun tambaye ni ko ina da tattoo, wannan zanen tawada da Turawa ke yi a jiki, na ce Allah ya kiyaye. Gaskiya kuma na faɗa. Wace Bahaushiya ce za a tambaye ta wannan ta tuna da askar wanzami?

Wata da watanni hoton jiki na scan yana fita lafiya, har na fara sakin jiki, na sayo miki yunifom na makarantar da za ki shiga. Sai wani scan ɗin ya nuna kaluluwa a hammatata ta hagu ta kumbura, tana haske a hoton kamar garwashi. Suka ciro ta. Da na farfaɗo na tambayi likitan fiɗa yaya ya gan ta, ya yi ta kewaye-kewaye, na matsa masa. Ya ce baƙa ce. Na riga na san abin da baƙi ke nufi a wannan ciwo.

Likitana bai ɓoye mini ba. In ciwon ne, to ya tsallaka daga ƙafar dama har hammatar hagu, ke nan ya ratsa jiki, maganin bai yi aiki ba, za a cire ni daga gwajin, abin da ya rage kuma ba shi da yawa. Ya ce masu duba nama na asibitinsu sun ga baƙi ya cika kaluluwar har ya rufe ƙwayoyin, ba su yarda su yanke hukunci ba, bisa dokar gwajin kuma Birmingham ce ke da maganar ƙarshe. Sai mu jira. Muka fito, muka hau bas ta Wilmslow Road. Bas ɗin ta tsaya cak a cunkoson Rusholme, ƙanshin gasasshen nama na shigowa ta taga, ɗalibai na ta shewa a bayanmu. Abbanki ya riƙe hannuna a cikin jama'a, abin da bai taɓa yi ba. Wannan ya fi maganar likita tsorata ni.

Jiran nan ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Ina dafa abinci in manta gishiri. Ina yi miki kitso in tsaya ina kallon ƙeyarki har ki juyo ki ce Mummy ta yi barci. Tunani guda ne ke cina: wa zai riƙe ki? Abbanki namiji ne mai karatu da aiki. Inna ta tsufa, ke kuma Hausarki ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Mutum ɗaya ce ta rage, Gwaggonki. Da aka yi hutun makaranta na haɗa miki kaya a ƙaramar jaka, muka hau doguwar bas zuwa Birmingham, ni da ke, ban sanar da ita ba.

Da ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta dubi fuskata, ta dubi jakar. Ta tura ki wurin 'ya'yanta a sama, ta ja ni kicin.

"Me suka ce?"

"Ba su gama cewa ba. Amma baƙa ce, Yaya."

Na jira ta ce ai na faɗa miki. Wallahi na shirya wa kalmar, na ma yafe mata tun a hanya. Ba ta faɗa ba. Ta juya ta kunna butar shayi, ta tsaya ta ba ni baya.

"Amana na kawo miki," na ce. "Ba ta cin kuɓewa. Tana tsoron duhu amma ba za ta faɗa ba. Ki koya mata Hausa ko da duka ne, ki kai ta ta ga Inna. In ta isa ƙunshi…"

"Ke Nafisa, ya isa!"

"Ki ce kin karɓa."

Butar ta tafasa ta kashe kanta.

"Na karɓa," ta ce, ba ta juyo ba.

Na kwana biyu a gidan. Ranar da zan koma, da hantsi, ina ɗaure jakata, waya ta yi ƙara. Jackie ce. Na zauna a kan matakala na ɗaga. Ta ce ba sakamako ba ne tukuna. Farfesar da ke duba namana tana da tambaya, ta ce tana so ta ga fatar mai naman da idonta, da Abbanki ya gaya musu ina Birmingham sai ta ce ko zan iya zuwa yau. Jackie ta ce ita kanta ba ta saba jin masu madubi sun nemi ganin mara lafiya ba. Na kasa gane ko wannan alheri ne ko akasinsa. Gwaggo ta riga ta ɗauko mukullin mota.

Duk hanya bakinta na motsi tana salati. Aka kai mu wani ɗan ɗaki a asibitin, mai gado ɗaya da kwamfuta. Farfesar ta shigo, tsohuwa ce 'yar ƙarama, gashinta fari fat, tabarau na rataye a wuyanta. Ta ce ta daɗe da sanina, tun daga yankan diddigena, yau ne dai ta ga fuskata. Na ji Gwaggo ta ja numfashi. Wannan ce matar da ke riƙe da kwalbar.

Ta tambaye ni ko an taɓa sa mini tawada a ƙarƙashin fata, a hannun hagu, ko ƙirji, ko baya. Kafin in yi magana Gwaggo ta amsa da Turancinta na ofis cewa mu Musulmi ne, ba ma yin wannan. Farfesar ta gyaɗa kai, ta ce ta yarda, amma ko zan bari ta duba. Na kwanta. Ta bi hannuna da fitila, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, kafaɗa, baya. Hannunta sanyi. Na ɗauka wani sabon ɗigon take nema. Ta ɗaga rigata ta gefen hagu, sai fitilar ta tsaya.

Ta tambayi mene ne waɗannan. Na ce tsaga ce ta yarinta, ta magani. Ta shafa su da yatsa, ta ji yadda suka taso. Sannan ta tambayi abin da babu wanda ya taɓa tambayata: bayan an tsaga, an zuba wani abu a ciki?

Na dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ni. Ban sani ba. Ita kuwa a Kaduna ta tashi, gidan ma'aikata, ba a yi musu ba.

"Kira Inna," in ji Gwaggo.

Kafin in lalubo wayata, ita ta zaro tata ta kira, ta sa a sifika. Ta yi ta ƙara. Na ce a raina ta tafi unguwa, ko wayar na wurin caji. Can sai ga muryarta, da kukan kaji a bayanta.

"Salamu alaikum. Hadiza? Lafiya? Ina Nafisa? Ku faɗa mini gaskiya!"

"Ga ni, Inna, lafiya lau. Tambaya likita ke yi. Tsagar saifar nan da aka yi mini, me aka zuba a ciki?"

Nan take muryarta ta canza.

"Wato yanzu ni za a ɗora wa? Cikinki ya kumbura kamar tulu, kina shekara uku, ba kya ci ba kya sha. Asibitin ma mun je. Duk yaran unguwa haka aka yi musu, ga su nan da 'ya'yansu."

"Inna, babu mai ɗora miki. Don Allah me aka zuba?"

"Me kuwa ake zubawa? Baƙin tukunya mana, da garin wata saiwa da ya ƙona. Da hannuna na kankaro shi a gindin tukunyar tuwo. Ya murza miki shi sosai, kina ta tsala ihu."

Gwaggo ta juya ta fassara. Na ga ta tsaya neman kalma, akanta guda, daga baya ta ce da Turanci, baƙin hayaƙin da ke manne a gindin tukunyar girki. Farfesar ta sa ta maimaita. Sannan ta cire tabarau ta zauna a kan kujera, kamar wadda ta sauke kaya.

Ta juyo da kwamfutar ta nuna mana. Hoto ne ruwan hoda da shuɗi, da baƙaƙen ɗigo birjik kamar an watsa barkonon masoro. Ta ce wannan kaluluwata ce. Ta yi magana a hankali, Gwaggo na cike mini inda na ɓata. Baƙin da wannan ciwo ke yi, irin baƙin fatar mutum ne, in aka zuba wa yankan nama wani ruwa mai cin launi, sai ya koɗe ya fita. Ta zuba wa nawa, ya ƙi fita. Ta sake, ya ƙi. Ta sa magungunan da ke kama ƙwayar ciwon su rina ta, babu ƙwaya ɗaya da ta rinu. Abin da ta gani kawai masu gadin jiki ne sun taru cunkus sun kewaye baƙin. Ta san ba na jiki ba ne, daga waje ya shigo, amma ta ƙi sa hannu a kan rayuwar mutum alhali ba ta san ta ina ya shigo ba. Yanzu ta sani. Shekara da shekaru jikina na jan baƙin tukunyar nan kaɗan-kaɗan daga tsagar zuwa hammata, yana kwance babu ruwan kowa. Da magani ya tashi masu gadi, sai suka far masa. Shi ne kumburin, shi ne hasken da aka gani a scan, shi ne ƙaiƙayin.

Ban gane ba. Wallahi duk bayanin ya wuce ta saman kaina. Na kama hannun Gwaggo na ce, "Yaya, me take cewa? Yana nan ko ba ya nan?"

Gwaggo ta tambaye ta, muryarta na karyewa. Farfesar ta matso, ta dube ni cikin ido, ta faɗa da ƙananan kalmomin da ko ke za ki gane. Babu ciwon daji a cikin kaluluwar. Ko ɗaya. Sauran jikina kuma scan ya nuna shi fes. Za ta kira likitana yanzu a gabana, zan ci gaba da maganina.

Wani sauti ya fita daga bakina wanda ban san ina da shi ba. Na zame daga gadon na yi sujada a kan tayil ɗin asibiti, ban ma san ina ne gabas ba. Ashe duk wannan ba a kashe wayar ba. Daga kan gado muryar Inna ke tashi.

"Hadiza! Kukan me nake ji? Me Baturiyar ta ce? Ku yi mini magana mana!"

"Inna, ta ce babu komai. Baƙin tukunyarki ne kawai."

"To! Ai na faɗa muku. Saifar dai ta warke ko ba ta warke ba?"

Gwaggo ta fashe da dariya, hawaye na zuba har cikin bakinta. Ta durƙusa ta ɗago ni, ta gyara mini ɗankwali da ya zame, ta share mini fuska da gefen mayafinta da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa yaro.

"Tashi," ta ce. "Tashi mu je gida ki karɓi amanarki. Ni ba zan iya da yarinyar da ba ta cin kuɓewa ba."